Tarbar Mai Furfura

Zuwa ga Yayata,

Gaisuwa mai yawa daga tsakiyar teku, inda ba a ganin komai sai ruwa da fuskar kyaftin. Yaya jikin Baba? Yaya maigida da yara? Ni dai ina nan a kicin ɗin jirgi ina yanka wa ƙarti albasa. Kin san ba ma samun sabis sai mun kusanci tasha, don haka in saƙona ya makara kada ki ce Auta ya manta da gida.

Alfarma nake nema. Tseren hamada zai fara mako mai zuwa, wanda motoci da babura ke ketare rairayi har sati biyu. Kin tuna yadda ni da Baba muke rufe garejinsa da wuri mu zauna gaban talabijin, ke kina tsaki kina cewa mun rasa aikin yi? Yanzu a waya ake binsa. Akwai taswira, kowane ɗan tsere ɗigo ne yana tafiya a kai, in kika sa wa mutum tauraro sai ɗigonsa ya koma ruwan ɗorawa. Ki sauke, ki nuna wa Baba. Tun da ɓarin jikinsa ya shanye kin ce bango kawai yake kallo, gara ya kalli wannan.

Ki riƙa ba ni labari ma, don Allah, ni nan ba abin da zan gani.

Ƙaninki,
Auta

*

Auta,

Na amsa gaisuwarka, yara suna gaishe ka. Da na karanta saƙonka sai da na yi tsaki. Sista mai zuwa motsa masa gaɓoɓi ta faɗa ta sake faɗa, in bai taka ƙafar nan ba a watannin nan za ta sandare, shi ke nan sai kujera. Na yi lallashi, na yi faɗa, na yi kuka. Ƙarfen dogarawar da aka kawo masa ya zama wurin shanya tawul. Kai kuma kana can kana mini zancen babura.

To, na sauke dai, kuma na janye tsakina.

Kafin a fara tseren na riƙa nuna masa hotunan mahaya. Duk samari ne masu kamfani a bayansu, yana kau da kai. Sai muka zo kan wani dattijo, gemunsa fari fat, wai ba shi da makaniki ba shi da motar taimako, in ya iso sansani da yamma shi zai kwance babur ɗinsa ya ɗaura da hannunsa. Baba ya ɗora yatsa a kan hoton bai ɗaga ba. Ka san maganarsa yanzu sai an kasa kunne, amma wannan na ji ta sarai: "Mai Furfura." Na sa masa tauraro.

Kullum shi ne kusan na ƙarshe. Sai manyan sun iso sun yi wanka, ɗigonmu yana can yana jan jiki. Shekaranjiya ina kan keken ɗinki na ji ƙarar ƙarfe a ɗakin Baba, na zabura a guje na zaci faɗuwa ya yi. Auta, a tsaye na same shi, ya zubar da tawul ɗin, ya kama ƙarfen yana rawar jiki. Na ce ina zuwa? Ya nuna wayar. Ɗigon ya wuce shingen ƙarshe, saura kaɗan ya shiga sansani. Ya ce, "Zan taro shi."

Daga gado zuwa ƙofar falo, ya juyo, ya koma. Ni a gefe ina riƙe da waya a gabansa kamar mai haska fitila. Bai zauna ba sai da ɗigon ya shiga sansani. Jiya ma haka. Sista ta tsaya baki buɗe, ta ce ko wane ne wannan tsohon, Allah ya ƙara masa mai.

Ka ci gaba da addu'a.

Yayarka

*

Auta,

Bayan gaisuwa. Ban jira amsarka ba, don ba ni da wanda zan faɗa wa.

Jiya da hantsi ɗigonmu ya tsaya a tsakiyar tuddan rairayi. Na ce ƙila ruwa yake sha. Can sai wani ɗigo ya zo ya tsaya kusa da shi, su biyu, ba mai motsi. Ka taɓa gaya mini ƙa'idarsu ce in mahayi ya tarar da wani a ƙasa ya tsaya a kansa har taimako ya zo, to na gane wani ya faɗi, kuma na san namu ne ya riga tsayawa. Ina zaune da rigar mutane a cinya, allura a hannu, ina kallon ɗigo biyu a wata ƙasa da ban san ko ina take ba. Ba wanda zan kira. Ba abin da zan danna. Wallahi ban taɓa jin ba ni da amfani irin na jiya ba.

Allah ya taimake ni Baba yana barci. Kafin ya farka ɗayan ya wuce, namu ya koma toka-toka, aka rubuta ya fita daga tsere. Da yamma suka ce jirgi mai saukar ungulu ya ɗauke shi, ya karye a kafaɗa da haƙarƙari, amma yana magana.

Na ce wa Baba sabis ne ya ɗauke. Yau ma na ce sabis. Bai taɓa ƙarfen ba, abincinsa ma da ƙyar ya ci rabi, sai kallon hannuna yake duk lokacin da na shigo. Sista ta zo ta yi juyin duniya ya ƙi ko zama a bakin gado.

In na gaya masa, na san bango zai koma kallo. In ban gaya masa ba, sabis ba zai yi ta ɗaukewa har abada ba. Kai ka kawo mana wannan abu, ka faɗi yadda zan yi.

Yayarka

*

Yaya,

Ina gaisuwa. Saƙonninki biyu tare suka shigo. Na karanta na farko na yi ihu har mataimakina ya yar da tire, na buɗe na biyu na nemi wuri na zauna.

Ki saurare ni. Baba ba ya iya karanta ƙananan lambobi tun da abin nan ya same shi, launi kawai yake bi. Ki cire tauraron ki sa wa wani. Ki duba ƙasan jeri, ki zaɓi mai tafiyar hawainiya irin ta Mai Furfura, wanda ke isowa bayan kowa. Ɗigo ɗigo ne. Saura kwanaki kaɗan a gama, kafin nan ƙafar ta saba, in an gama sai mu san yadda za mu gaya masa. Ba cutarsa za mu yi ba, magani ne.

Na san za ki ce ni kullum da dabarar banza. Ki ce, amma ki yi.

Auta

*

Auta,

Gaisuwa. Na yi.

Na zaɓi wani saurayi, karonsa na farko ke nan, kullum a wutsiya. Da na miƙa wa Baba wayar ya ga ruwan ɗorawa yana motsi, sai ya yi dariyar nan tasa ta gefe ɗaya, ya daki katifa da hannunsa mai lafiya. Ya ce, "Tsoho!" Na juya baya na yi kamar ina gyara labule.

Dabararka ta ci, ban hana ka ba. Jiya har ya wuce ƙofar falo ya taka baranda, maƙwabta suna masa barka. Sista ta ce in aka ɗore haka, sanda ma za ta ishe shi nan gaba. Maigida ya ce shi ba ruwansa, kada dai a sa bakinsa.

Amma ni ba na jin daɗi. Yana yi wa yaron mutane faɗa a waya, wai ya rage wuta a gangara, shekaru sun ja. Jiya ya sa ni na yi wa Mai Furfura addu'ar isa lafiya, na ce amin, alhali mutumin yana kwance a gadon asibiti. Kunya nake ji, Auta, ba kaɗan ba.

Yayarka

*

Yayata,

Ina fatan kowa lafiya. Ban ji daga gare ki ba, mun yi nisa da tudu, ban san ko kin bi shawarata ba. In ba ki yi ba, kada ki yi. In kin yi, ki warware.

Abin ya tsaya mini a rai. Tsohon hannu ne Mai Furfura, ba ya sauri amma ba ya ɓata, shi ya sa tarbarsa ba ta daɗewa. Sauran na ƙasan jeri yawanci sababbi ne. Ba wanda ke ba su hanya, da takardar kwatance suke tafiya, kuma kusa da ƙarshen zango, in gajiya ta zo, nan suke rikicewa su yi ta zagaye. Kin san Baba. Mutumin da ba ya barin babur a kwance ya tafi cin abinci, ba zai zauna ba in bai ga ɗigon ya shiga ba.

Ki gaya masa gaskiya, ki ce ni na sa ki. Ya yi fushi da ni, na saba.

Auta

*

Auta,

A kan bencin asibiti saƙonka ya same ni.

Ba zan yi maka faɗa ba, ba ni da ƙarfinsa. Ga yadda aka yi.

Yaron ya wuce shingen ƙarshe bayan la'asar, Baba ya miƙe kamar kullum. Gado, falo, baranda, ya juyo. Sai na ga ɗigon ya bar layi ya nufi gefe. Ya dawo, ya wuce ta ɗaya gefen. Ya sake juyowa. Sansani ga shi nan, a waya bai fi faɗin yatsa ba, amma yaron sai kewaye yake. Na ce Baba ka huta, ka zauna ka jira shi. Ya girgiza kai. Gumi ya jiƙa masa riga, ƙafar tana jan ƙasa, yana ta cewa, "Dama. Dama." Wai yana gaya masa hanya.

Na kawo kujera na ajiye a bayansa, ya ture ta da ƙarfen. Na ce caji zai ƙare, ya nuna mini soket. Na kashe fuskar wayar, ya tsaya cak yana kallona da idon nan, har na kunna. Maigida ba ya nan, yara sun rakuɓe a bakin ƙofa. Maganar tana bakina, Auta. Abin da zan ce kawai, Baba ba shi ba ne, wannan wani ne. Sau nawa na buɗe baki. Sai in ga yadda yake ɗaga ƙafar da kowa ya ce ta mutu, in kasa.

Ana kiran magariba ya zo juyawa a bakin baranda, ƙafar ƙarfen ta zame daga dakali. Hannuna ɗaya na riƙe da waya. Da ɗayan na cafko rigarsa, rigar ce kawai ta zauna a hannuna.

Ƙashin ƙugu ne ya karye, a ɓangarensa mai lafiya. Sun yi aiki jiya. Na tambayi likita zancen tafiya, ya ce mu fara ganin ya warke tukuna. Sista ta zo dubiya, ta riƙe hannuna, ni kuwa na ga amsar a fuskarta.

Da ya farfaɗo daga allurar barci, bai tambayi ƙafarsa ba. Cewa ya yi, "Ya iso?" Na ce ya iso. Wannan kam gaskiya ne, yaron ya shiga sansani muna cikin mota.

Kada ka fara zancen barin aiki, ba inda za ka sauka a tsakiyar ruwa.

Yayarka

*

Auta,

Gaisuwa. An gama tseren yau. Ɗigonmu ya kai ƙarshe, na nuna wa Baba a gado, ya yi hawaye, ya ce in ya tashi shi ma zai kai bakin titi.

Sai ya ce in nuna masa hoton Mai Furfura da lambar yabon da ake ba duk wanda ya gama a wuya. Hoton yana nan, yaro ne ko gemu bai fara ba, yana dariya.

Na ce bari in samo caja. Ina tsaye a bakin ɗakin ina rubuta maka wannan, kuma na san sai wani makon za ka gani. Ta gilashin ƙofa ina hango shi, ya gyara filo, ya miƙo hannu yana jira.

Yayarka