Na Kori Masu Gayya Kan Ruwa Ya Yi Yawa

Gwaggo Marka, don Allah ki agaza mini da shawara, abin ya ishe ni.

Shekara uku na yi a Talata Mafara ina koyon buga bulon jar ƙasa, wanda ake barbaɗa wa siminti kaɗan a matse da injin hannu. Da na dawo Dakko zan gina ɗaki, Baffana Bube, tsohon magini, shi ya riƙe ni tun ina maraya, ya kira mini gayya ban ko roƙa ba. Ina can wurin ɗauko inji suka malala ruwa kan ƙasar da na kwana huɗu ina tankaɗewa, suka zuba ciyawar ramno, suka shiga da ƙafa suna cuɗawa kamar ta tubali. Ita kuwa danshi kawai take so! Raina ya ɓaci, na ce a gaban kowa zamanin kwaɓa ya wuce, wanda bai iya ba ya koma gefe. Baffa ya wanke ƙafarsa ya tafi, sauran suka bi shi.

Ni kaɗai na buga, ni kaɗai na ɗora. Ɗaki ya tashi tsaf, ga sanyi ko da rana tsaka. Amma wata biyar ke nan ba wanda ya yi sallama a ƙofata. Na gaida Baffa a masallaci, ya amsa yana kallon wani wuri. Wallahi kaɗaici na cin raina. Ni fa gaskiya na faɗa.

Mai ɗaki ba baƙo, Dakko

Ɗana, a kan ƙasa ka fi su gaskiya: cuɗaɗɗiyar laka ba ta matsuwa. To amma wa ka gaya wa kafin ka tafi? Abin da suka gada suka yi maka, don ƙauna. Kai kuma ka kunyata dattijo gaban mutanen da ya tara da bakinsa. Magana zarar bunu ce.

Kada ka aika kowa. Je ka zaurensa da hantsi, ka durƙusa ka nemi gafara, ban da "amma". In ya huce, roƙe shi ya zo ya duba maka ginin, ya faɗi inda ka karkace, kai kuma ka yi shiru ka ji. Injinka bai san tushe da kusurwa ba, shi ya sani. In ya kau da kai, ka koma gobe. Baffa ya tsufa, kada ka tsaya jiran ya fara.

Allah Ya sanyaya zukatanku, Ya cika ɗakinka da baƙi.