Inda Ka Ɗaure Hon

Kankia, Lahadi

Zuwa ga maigidana,

Assalamu alaikum. Bayan gaisuwa mai yawa, ya jiki, ya aiki, ya zafin Jado? Mu nan lafiya lau, sai kewarka. Tunda waya ba ta kai wa ramukan zinariyar nan naku, ga takarda ta hannun Shehu.

Motarka ce ba lafiya. Da ta kwaso su Inno masu nono daga Kaikai ta shiga rairayi, sai man giya ya ɗau zafi, ta ƙi ja. Ran kasuwa haka suka yini gindin kuka har nono ya tsinke. Inno ta zo har gida ta wanke ni tas, sai ka ce ni ce injin. Zakiyyu bakanike ya ce a ƙara mata wata 'yar lagireto mai sanyaya man giya, kuma wurinta gaba, inda iska ke bugu. To nan ka ɗaure hon ɗin nan naka na tirela, ya ce in an cire shi ba inda zai sake shiga a jikinta.

Ni kuwa na ce sam. Yaya Ɗalha, da yake shi ke jan ta yanzu, ya ce ban san mota ba. Gaskiyarshi. Amma in ya shawo kwanar gidanmu ya danna hon ɗin, ko tuwo nike tuƙawa sai na saki muciya, alhali na san sarai ba kai ba ne. Daga madafi zuwa ƙofa, a raina ka dawo. Ƙararshi nike jira duk yini, kar ka yi mani dariya. Na yi ta magiya har suka ɗaure lagireton a ƙarƙashin mota, Zakiyyu na ta girgiza kai.

Ka riƙa cin abinci. Sumayya na gaishe ka, ta fara haƙori.

Taka,
Zuliha

Kankia, Alhamis

Maigida,

Sallama da fatan alheri. Ya damina, in kuna samu can? Shehu ya ce ka rame, ka kuma ce in yi yadda na gani da motar. Kai ma dai, ka bar ni da ita!

Ruwa na sauka laka ta toshe lagireton. Shekaranjiya kuma a hanyar Fakuwa kututture ya fasa shi, man giya ya tsiyaye ƙarƙaf. Matan nan da ƙafa suka ƙaraso, ƙorai a ka, cikin taɓo. Inno da tsufanta ƙafa ta kumbura sumtum.

Na shirya ta zo ta zage ni. Wallahi da ta zage ni da ya fi. Sai ga ta tana ɗingishi da ƙwaryar kindirmo, ta ajiye, ta tambaye ni yaushe za ka dawo. Ashe Yaya Ɗalha ya gaya mata dalili. Ta ce ita ma da mijinta ke tafiya mashekari da shanu, can nesa wurin kiwo, kukan kowace saniya fito da ita yake yi. Sai hawaye suka zubo mani.

Jiya na aika a cire hon ɗin. An sa sabon lagireto a gaba, yau ta je Kusada ta dawo ko gumi ba ta yi ba. Hon ɗin yana ɗakina bisa akwati, na goge mashi ƙura. Ɗazu motar ta shigo layi shiru, sai da Yaya ya yi sallama na san sun dawo. Tuwona bai kama ba yau, amma ban iya ci ba.

Don Allah in ka tashi tahowa ka aiko mani da ranar isowarka. Yanzu ba abin da zai gaya mani ka iso, ina so ka tarar da ni a ƙofa.

Allah ya tsare, ya maido mana kai lafiya.

Matarka mai jiranka,
Zuliha