Na Shawo Kan Maigida, Yayata Ta Karɓe Tafiyar

Anti, don Allah ki agaza mini da shawara, kafin tafiyar da na sha wahalar shiryawa ta zama ta wasu.

Bari in fara da abin daɗin, don har yanzu ina jinjina wa kaina. Mijina bakanike ne. Tun da muka yi aure bai taɓa kwana nesa da garejinsa ba, sai ka ce in ya juya baya motocin za su gudu. Ranar da na haifi autarmu ma da baƙin mai a hannu ya zo asibiti, ya leƙa jaririya ya koma. Ni kuma malamar firamare ce, in wuni cikin hayaniyar 'ya'yan mutane, in dawo in tarar da nawa. Wata rana yana wanke hannu a bakin famfo, sai ya ce shi dai burinsa ya wuni a inda ba zai ji ƙarar inji ba. Shi ya faɗa ya manta, ni kuwa na ƙulle maganar a haɓar zane.

Ni kaɗai na shirya komai, ba kamfanin yawon buɗe ido, ba ɗan jagora. Na zaɓi babban birnin da ke kusa da mu, na samo ɗan masauki mai tsafta a tsakiyar gari, inda za mu taka da ƙafa zuwa gidan tarihi da tsohuwar kasuwa. Kwana uku ne kacal. Ranar tsakiya na ware ta don wani tafki da ke bayan birnin a gindin duwatsu, an ce ba a jin komai a wurin sai kukan tsuntsaye. Na san inda ake hawa mota, na san lokacin da ta ƙarshe ke dawowa. Surukata ta yarda ta riƙe yara. Sai babban aikin: na bi shi da lallami har ya damƙa wa abokin aikinsa makullin gareji. Anti, ranar har rawa na taka a kicin! Yanzu shi ke tambayata ko sabon takalmin da ya saya zai yi hawan dutse.

To, ga inda na yi wa kaina. Yayata tana aure a birnin. Ita ta riƙe ni bayan rasuwar mahaifiyarmu, ita ta yi mini komai har na yi aure. Daɗi ya ɗebe ni na kira ta, wai in ƙara tambayar hanyar tafkin. Nan take ta ce masauki na me tana raye, za ta gyara mana ɗakin ɗanta. Kafin yamma ta sanar da dangi kaf, daga kawu har gwaggo kowa na jiran mu je gaisuwa. Tafkin ma ta ce za ta samo bas, a tafi da yaranta da na maƙwabta, a ɗauki tukwane da lasifika. Na buɗe baki in yi magana, sai na ji kaina ina godiya.

Ban faɗa wa maigidan ba. Na san halin kayana, dariya zai yi ya ce a bari sai wani lokaci, ya je ya karɓo makullinsa, kuma wani lokacin nan ba zai taɓa zuwa ba. Ina son yayata har raina, ina jin nauyinta, amma wallahi haushi nake ji. Butulci ne in na ce mata a'a?

Taki,
Matar bakanike

Ƙanwata, kafin komai, sannu da ƙoƙari. Matar da ta raba bakanike da makullin garejinsa ba za ta kasa faɗa wa yayarta magana ɗaya ba.

Amma mu yi wa Yaya adalci. Hanyar tafki kika tambaye ta, ba ki gaya mata dalilin tafiyar ba. Abin da kunnenta ya ji shi ne ƙanwarta na zuwa, sai ta yi abin da ta saba yi miki tun kina ƙarama. Rashin sani ya fi dare duhu. Ke ma kina da gaskiyarki, hutun miji da mata ba taron dangi ba ne, kuma neman sa ba butulci ba ne.

Ki kira ta yau, tun ba ta kama bas ba. Kada ki ƙirƙiro uzuri, ƙarya a cikin dangi ba ta kwana. Ki ba ta labarin bakin famfon nan kamar yadda kika ba ni. Ita ma matar aure ce, za ta gane. Sannan ki ba ta rabonta na gaske: ranar ƙarshe ku bar masauki da hantsi ku wuni a gidanta, ta tara kawu da gwaggo wuri guda, ku gaishe su gaba ɗaya. Zumunci a ƙafa yake, kin kuwa taka. Yaranta kuma ki ce in an yi hutun makaranta za ku kai su tafkin tare da naki, kuma ki cika. Tana iya ɗan yin fushi. Ki jure, ki ci gaba da kiranta kamar kullum.

Da kin ajiye waya ki faɗa wa maigida komai, da matsalar da maganinta a faranti ɗaya, don kada ya sami ƙofar zillewa.

Sauran kuma ƙanana ne. Kada ki cika ranar farko da yawo, wuri ɗaya ko biyu sun isa. Ku yi sammako zuwa tafkin da ruwan sha da abin taɓawa, ku dawo a motar da ke gaban ta ƙarshe. Sabon takalmin nan ya fara sa shi tun yanzu, kada ya ci masa ƙafa a kan dutse. Abokin aikinsa kuwa a ja masa kunne, ban da kiran maigida don an rasa sifanar kwance noti.

Yayarki ta raine ki ne don ki iya riƙe gidanki, wannan tafiyar kuwa tana cikin riƙon. Ki faɗa mata haka da bakinki, ina kyautata zaton ita za ta fara sa muku albarka. Allah ya kai ku lafiya, ya dawo da ku cikin farin ciki, ya bar zumunci.

Antinku