Dada, Ashe Daga Jerin Ake Ganewa

Assalamu alaikum Dada,

Bayan gaisuwa da fatan makwancinki na cike da haske, yau da ɗaci na zo miki, ki yi haƙuri.

Kin san abin da ya kai ni karatu Turai: kububuwar da ta sari Baba a gonarmu ta Lau. A dafinta akwai wani furotin mai hana jini tsayawa, na rantse sai na ga siffarsa ko a samo makarinsa.

Na taɓa yi miki bayani kina jera duwatsun wuya na sayarwa. Na ce furotin kamar zarenki yake, ƙwayoyi iri ashirin a jere, sai ya naɗe kansa kafin ya yi aiki, naɗin nan nake nema. Kika ce, "To a kawo mini zaren mana, ai daga jerin ake gane yadda zai kwanta." Na yi miki dariya. Wallahi dariya na yi miki, Dada.

A lokacin sai furotin ya daskare kamar ƙwayar gishiri kafin a haska shi a gani. Shekara huɗu ina gadin 'yan kwalabe, ina jiran ya daskare a cikinsu. Da Yaya Buba ya bugo waya ya ce jikinki ya tsananta, kina ta kiran sunana, na ce a ba ni mako biyu, ƙwayoyin sun kusa fitowa. Kwana tara kika ƙara. Ƙwayoyin kuwa ba su taɓa fitowa ba.

Jiya da hantsi, a ɗakinki na Mayo Gwoi, na kwafi jerin furotin ɗin, kowace ƙwaya da harafinta, na zuba wa kwamfuta, na ɗora ruwan shayi. Kafin ya tafasa ga siffar tana juyawa a allo da duk lanƙwasarta. Daga jerin kawai ta yi hasashe, kamar yadda kika faɗa.

Abokan aikina sai murna suke ta waya, wai an ci gaba. Ni haushi ya ishe ni. Haushin na'urar da ta makara, haushin malamina da ya ce kada in motsa, sai kuma nawa, wanda ya fi duka zafi. Shi shawara ya bayar, ni na zauna.

Allah Ya jiƙan ki da Baba, Ya sa Aljanna ce makomarku. Ki yafe mini dariyar nan, Dada. Mako biyun kuwa, ko roƙa ban iya ba.

Autarki,
Habiba