Kujerar Bakin Ƙofa

Gusau, daren Laraba

Yau ma ban taɓa keken ɗinki ba. Tun ranar da farfaɗiya ta kayar da ni a shago, Hajiya mai shagon ta ɗora ƙanwarta a kan kekena, ni kuma ta ajiye mini kujera a bakin ƙofa. Ga ɗinkin anko jibge, ni ina zaune ina gaida masu shigowa.

Na ce, "Hajiya, likita ya canza mini magani, ya ce in ci gaba da aikina." Ta dafa kafaɗata ta ce, "Haba 'yata, ki huta. Allura ce fa. Me zan gaya wa innarki?"

Da na tashi shan ruwa sai na ga an ɗaura jan zare a hannun kofi ɗaya. Ba wanda ya ce nawa ne, amma na gane.

Wane shago zan koma? Labarin ya riga ni har Bungudu. Inna ta ce in gode wa Allah, ba a kore ni ba. Na gode. Amma wallahi da korar aka yi, da na san abin da zan yi wa kuka.