Babi Na Tara

Kwalejin Wexley, Virginia
3 ga Disamba, 1986

Zuwa ga Gwaggo Maxine,

Bayan gaisuwa mai tarin yawa, da fatan kina lafiya, ke da gwiwar nan taki mai tashi da zarar sanyi ya shigo. Ki gaishe min da Baba, ki ce ya rage tabar nan, ƙurar kwal da ya shaƙa shekara ashirin a rami ta ishi huhunsa.

Burodin masarar da kika aiko ya iso. Rabinsa Corinne ce ta cinye, tana ci tana cewa, "Kai, Lorene, ina ma ni ke da gwaggo irin taki!" Kin ji fa. Yarinyar da ubanta likita ne, kakanta likita, ga motarta a ƙofar gida, amma ɗan burodina ma sai ta sa masa ido.

Gwaggo, ki bar ni in amayar da abin da ke raina, tunda ke kaɗai ce ba za ki kai ni gaba ba. Shekara uku muna ɗaki ɗaya da Corinne Ashby, shekara uku kuma ina bin bayanta. Ni in wuni a laburare har idona ya yi ja, in samu tamanin da takwas. Ita ta wuni tana buga tanis, ta dawo ta buɗe littafi tana shafa jan farce, ta samu casa'in da huɗu. Abin da ya fi ƙona min rai shi ne ba ta da wani mugun hali da zan riƙe. Da ma a ce tana da girman kai, da na tsane ta na huta.

Dakta Halloran, malaminmu na kemistiri, ya ce mutum ɗaya tak zai ɗauka ya yi aiki a ɗakin gwaje-gwajensa a hutun bazara, wato wanda ya fi kowa maki a jarrabawar nan. Duk wanda ya taɓa samun gurbin nan ya shiga makarantar likitanci. Corinne ko ba gurbin, ubanta na ɗaga waya an gama. Ni kuwa in ya kuɓuce min, ban san ƙofar da zan ƙwanƙwasa ba.

Ranar Litinin za a fara. Kin dai san tsarinmu, ba mai gadin jarrabawa. Cikin kwana shida kowa ya zaɓi ranar da ta yi masa, ya karɓi ambulan ɗin tambayoyinsa, ya rubuta, ya sa hannu a ƙasa cewa bai ba da taimako ba, bai karɓa ba, bai kuma gani ya yi shiru ba. Wanda ya riga ya rubuta kuwa sai ya ja bakinsa ya tsuke, ko "da wuya" ko "da sauƙi" ba ya cewa. Corinne ta ce Talata za ta rubuta ta huta. Ni sai Asabar.

Ki sa ni a addu'a. Na bar ki lafiya.

'Yarki,
Lorene

Kwalejin Wexley
14 ga Janairu, 1987

Gwaggo,

Gaisuwa da fatan alheri. Da Kirsimeti kin tambaye ni me ya hana ni cin abinci, na ce mura ce. Ƙarya na yi miki, ki yafe ni.

Sakamako ya fito jiya. Ni casa'in da shida, Corinne casa'in da uku. Gurbin nawa ne. Dakta Halloran ya miƙo min hannu a gaban aji, har da cewa irina ake nema. Kada ki yi murna tukuna, ki karanta zuwa ƙarshe.

Ranar Laraba da safe, washegarin ranar da Corinne ta rubuta tata, ina zaune a bakin gado ina bitar takarduna, ita tana gaban madubi tana taje kai. Ko juyowa ba ta yi ba ta ce, "Ni dai da ni ce ke, da babi na tara zan rungume."

Na ce, "Me kika ce?"

Ta ce, "Ni? Cewa na yi man gashina ya ƙare. Ke dai kunnenki ya fara tsufa, Malama." Ta yi dariya, ta ɗauki jakarta ta fice.

Babin nan a gurguje Dakta ya wuce shi a makon ƙarshe, kowa ya ɗauka ba zai fito ba. Na rufe sauran, na kwana uku a kansa. Da na buɗe ambulan ranar Asabar, kusan rabin tambayoyin daga cikinsa suke. Na amsa su duka. Na sa hannu.

Jiya sai ga ta da furanni, ta rungume ni a gaban mutane tana cewa, "Likita! Likita ta ɗakinmu!" Gwaggo, ji na yi kamar in shaƙe ta. Sau ɗaya a rayuwata na wuce ta, ashe shi ma sadaka ce ta jefo min tana taje kai. Ta ga ba zan iya ba, ta ji tausayin 'yar mai haƙar kwal. Yanzu duk ranar da na sa farar riga, ta san wa ya ɗinka min.

Na yanke shawara zan je Kwamitin Amana na ɗalibai. Doka ta ce wanda ya riga ya rubuta ba ya buɗe baki, ita kuwa ta buɗe. Ni ban roƙe ta ba. Ai gaskiya ce, ko ba gaskiya ba ce? Ki ba ni amsa da wuri.

'Yarki,
Lorene

Beckley, West Virginia
19 ga Janairu, 1987

Lorene 'yata,

Ina gaishe ki. Gwiwa da sauƙi, ubanki kuma yana nan da tabarsa, ya ce in gaya miki ki fara zama likitar tukuna kafin ki hana shi.

Wasiƙarki sau biyu na karanta, na biyun da tabarau, ko na ga abin da ban gani ba. Ban gani ba.

Shekara talatin da ɗaya na yi ina koyarwa, ban taɓa kama yaron da ya saci amsa don mugunta ba. Tsoro ne. Wani tsoron bulalar ubansa, wani tsoron ya ƙare a rami. Shi Daktan naku da ya ajiye kujera ɗaya a gaban mutum arba'in, ya fita ya ja ƙofa, shi ma da nasa laifin. Ni a ajina duk wanda ya faɗi ina ba shi dama ya sake rubutawa, kuma daga ranar da na fara haka wuyan yara ya daina tsawo. Amma wannan ba ya wanke ki.

Kin ce ba ki roƙe ta ba. Na yarda. To kwana ukun fa? Ita ta buɗe miki littafin? Ita ta riƙe miki alƙalami lokacin sa hannu? Ni na yi miki wanka tun kina jaririya, na san ki ciki da waje. Ba gaskiya ke cizon ki ba, ƙyashi ne ya sanyo rigar zuwa coci.

In za ki je kwamiti, ki fara da sunanki. Ki kuma sani, in naki kaɗai kika faɗa, gurbin zai koma wa ta biyu, kin san ko wace ce. In kin iya haɗiye wannan, gaskiya ce ta kai ki. In ba ki iya ba, ke ma kin san abin da ya kai ki.

Ban gaya wa ubanki komai ba. Kwalejin ta aiko masa da takardar murna, ya kai ta shagon aski, Mista Combs mai shagon ya manna ta a jikin madubi. Na faɗa miki ne don ki san nauyin abin, ba don in ɗaure miki ƙafa ba.

Allah ya yi miki jagora.

Gwaggonki,
Maxine Tackett

26 ga Janairu

Lorene,

Sannu, sarauniyar shiru. Taku uku ne tsakanin gadona da naki, amma sai da na sayi kan sarki kafin in yi miki magana. Kwana goma sha biyu ko "ina kwana" ba ta haɗa mu ba. Na kuma ga takardar kwamiti a cikin littafinki, tun ranar Alhamis take nan ba ki cike ba. Ba bincike na yi ba, ke ce ba ki iya ɓoye abu ba.

Kina tsammanin tausayinki na ji, ko? Ina! Ba ki san ni ba ke nan.

Akwatin da ke ƙarƙashin gadona, wanda na ce miki rigunan sanyi ne, takardun yayata Paige ne. Ta yi kwalejin nan kafin mu zo. Rahotanninta na ɗakin gwaje-gwaje, tsofaffin tambayoyi, komai. Tun ajin farko nake kwafa. Babana ba ya cewa "Yaya kike?" sai "Nawa kika ci?" Ranar da na kai masa tamanin da biyar ina sakandare, har aka tashi daga cin abinci bai dubi inda nake ba. Daga ranar na koyi dabara.

Ke kuwa tamanin da takwas ɗinki naki ne, da guminki. Kina sa hannu a ƙasan takarda, ba ki da abin ɓoyewa. Kina da mai aiko miki burodi ba tare da ta tambayi maki ba. Shekara uku ina kallon wannan yana ci na. So na yi sau ɗaya ke ma ki sa hannu a kan ƙarya, mu zama ɗaya. Shi ya sa na faɗa.

Da ba ki buɗe babin ba, da ban san inda zan sa kaina ba. Da na dawo na gan shi a buɗe a kan gadonki, na rantse miki daɗi na ji. Daɗin bai wuce kwana biyu ba.

Ki kai sunana in kina so, ba zan musa ba. Amma ki daina yi min kallon mai kirki, ya ishe ni.

Corinne

Kwalejin Wexley
9 ga Fabrairu, 1987

Gwaggo,

Gaisuwa. Na je.

Ɗalibai biyar ne 'yan kwamitin, a bayan tebur. Na faɗi nawa tun daga farko har sa hannun. Suka ce wa ya gaya miki? Na ce nawa na zo faɗa. Suka ce ɓoye suna ma laifi ne, na ce su haɗa min. Harshena ya yi ƙaiƙayi, Gwaggo. Na haɗiye, da ɗaci kuma.

Ina fitowa na tarar da Corinne a kan benci a bakin ƙofa, da akwatin yayarta a cinya. Ta ce, "Kin gama? To matsa, nawa da tsawo."

An soke min makin darasin, sai na maimaita shi baɗi. Gurbin an bai wa wani Duane Sizemore, wanda ban ma san yana ajinmu ba. Ita an kore ta. Ubanta bai zo ba, ni na taya ta loda kaya a mota.

Yanzu duk kwalejin maganar jarumtarta ake yi, ni ko mai tuna na shiga ɗakin nan babu. Ko a faɗin gaskiya sai da ta fi ni, kuma ina jin haushin hakan, ba zan ɓoye miki ba. Amma ɗakin ya yi min faɗi, har yau ban iya duban gadonta ba.

Zan zo ranar Juma'a. Kada ki gaya wa Baba. Ni zan faɗa masa da bakina.

'Yarki,
Lorene