Haruffan da Suka Yi Ta Girma

Ya maigidana, telana, abin tinƙahona, ruwan sanyin da nake sha bayan doguwar tafiya, inuwar da ban taɓa zama a ƙarƙashinta na ji zafin rana ba! Ya kai da muryarsa ke riga shi shigowa gida! Gaisuwa daga zuciyar da ta ƙi zama wuri ɗaya tun ranar da ka sa ƙafa ka bar ɗakin nan.

Kafin komai, kada muryar da ke kunnenka ta ba ka tsoro. Na'ura ce take karanta maka abin da na buga da yatsuna. Na san tana tauna harshenmu kamar mai cin abu da zafi, tana tsayawa inda ba a tsayawa, amma ka yi haƙuri da ita. Na roƙi matar Yayanka ta buɗe kwamfutar da na aiko, ta saƙala maka iyafis a kunne, ta danna maɓalli ɗaya, sannan ta ja maka ƙofa ta fita. Ban so kowa ya karanta maka wasiƙar nan, don akwai maganar da ba ta wuce tsakanin mace da mijinta. Gara na'ura, ita ba ta jin kunya kuma ba ta kai gulma.

Yayanka ya kira ni ranar Talata. Ya daɗe yana gaisuwa, ya tambayi yara, ya sake tambayar yara, har na gane akwai maganar da yake kewayewa. Daga ƙarshe ya ce likita ya gama magana: idon hagu ya tafi, na dama yana bin sa a hankali, magani sai dai ya rage masa sauri. Wannan na daɗe da shirya masa. Magana ta biyun ce ban shirya mata ba. Wai ka miƙa masa biro da takarda, ka ce ya rubuta min saki tunda kai ba ka ganin layi, wai ba ka so in ƙare ƙuruciyata ina jan makaho. Yaya ya ce ya ajiye biron ya ce maka, "Hannuna ba zai rubuta wannan ba. In ka matsu, ka faɗa mata da bakinka." Allah ya saka wa Yaya da alheri. Ni kuwa na ajiye waya na zauna daɓas a ƙasan kicin, tukunya tana ƙonewa ban ji ƙaurinta ba, sai da babbar 'yarka ta shigo ta kashe wutar.

Ni za ka saka, telana? Wace ƙuruciya kake tattala min, ni da furfura ta fara leƙowa ta gefen ɗankwali? Wa ya gaya maka idonka na aura? Da ido nake so, ai da na auri mai gyaran agogon da ke kusa da shagonka, shi da ke hango ƙura a cikin ƙura. Kai na aura, da taurin kanka, da alli a bayan kunnenka, da tef ɗin awo da kake mantawa a wuya har ka zauna cin abinci da shi.

Ka tuna farantin satalayit ɗinmu? Ranar da muka tare a gidan nan, tun ba mu ɗaura labule ba ka hau tsani kana juya shi, ni ina taga ina yi maka ihun ya kawo, ya ɗauke, ya sake kawowa. In hadari ya taso hoton ya wargaje, sai ka tsaya gaban talabijin kana yi wa gajimare faɗa kamar yana jin ka. Shekara da shekaru ina cewa a sauke shi, tashoshi rututu amma 'yan kaɗan muke kallo, kana cewa sai dai a sauke ka tare da shi. Da yamma in ka dawo daga shago, sai ka miƙe a doguwar kujera da rigar wani a cinyarka, kana ɗinka maɓalli ba ka ko kallon allura. Ina guga a bayanka, kana karanta min fassarar da ke ƙasan allo, kana sirantar da murya in mace ce ke magana, kana kumbura wuya in mugun ne. Rabin abin da kake karantawa ƙarinka ne, na sani, amma naka ya fi nasu daɗi. Wayyo waɗannan yammacin! Da na san ƙidayayyu ne da na ajiye gugar na zauna kusa da kai.

Sai bara, rana tsaka, ka ce a sauke farantin. Ka ce zamani ya wuce shi, yanzu ta intanet ake kallo, kowa da wayarsa a hannu, ya zaɓi abin da yake so a lokacin da yake so. Na yi ta murna na ci gardama, har na yi maka tsiya a gaban yara cewa dutse ya motsa. Ka yi kwanaki kana tambayar masu kawo ɗinki wace manhaja ce ta fi kawo ƙwallo, wacce ta fi fina-finai, wacce ba ta shan data kamar rijiya. Aka cire dikoda aka sa a kwali. Daga nan ka daina zama a doguwar kujera. Sai ka koma kusurwa, ka juya wa ɗaki baya, ka manna waya a hancinka. In na matso sai ka kife ta.

Ka san abin da na zata. Wace mace ce ba za ta zata ba? Na yi fushi, na yi shiru, na yi habaici har bakina ya gaji. Na tambaye ka wace ce ita, sai ka yi dariya ka ce in ci gaba da bincike. Ka bar ni da wannan wutar wata da watanni, telana. Ka gwammace in zarge ka da cin amana da in ji tausayinka. Har yau ina tuna dariyar nan, don yanzu na san abin da ke bayanta: talabijin ɗin da ke can jikin bango ya riga ya zama maka hayaƙi, wayar kaɗai kake iya kawowa kusa da ido.

Kwamfutar nan da ke gabanka ce ta tona ka. Ka san da ita nake ƙarasa bugun takardun ofishin makaranta in na kawo aiki gida, kai kuma kana duba labarai da sababbin yayin ɗinki a kanta. Ashe burauza, wato manhajar da muke shiga intanet da ita, tana riƙe girman rubutun da mutum ya zaɓa wa kowane shafi. Duk ranar da na buɗe shafin labaranka sai in tarar haruffan sun ƙara ƙiba. In rage su, gobe su dawo sun fi na jiya. Na ɗora wa Auta laifi, na hana shi taɓa ta, yana rantsuwa ina ƙin ji. Da abin ya ƙi ci ya ƙi cinyewa sai na ce burauzar ce ta lalace, na goge ta na sauke wata. Ba a daɗe ba ita ma sabuwar ta kumbura. Ranar da na buɗe na ga kalma ɗaya tak ta cika allon daga gefe zuwa gefe, sai na gane ba burauza ce ta lalace ba. Na rufe kwamfutar, na sa rigar nan mai ruwan toka da ka ɗinka min da hannunka, na nufi shago.

Na tsaya a bakin ƙofa ban yi sallama ba. Kana zaune a bayan keke, allura a hannu ɗaya, zare a ɗayan. Ka lashi bakin zaren, ka kai, ya wuce ta gefe. Ka sake lasa, ka sake kaiwa. Kai da kake zura zare kana hira da mutum uku! Can ka ji motsi, ka ɗago kai, ka dube ni sosai, ni matarka, a cikin ɗinkinka, ka ce, "Sannu da zuwa, me za a ɗinka?"

Sauran ka san shi: kukan da muka yi a bayan labulen gwaji, da tafiyarka garin Yaya inda asibitin ido yake, da alkawarin 'yan makonni da ya zama damina guda har ta wuce. Kullum in na ce zan zo sai ka ce in bari tukuna, ba ka so in gan ka kana lalube.

To bari ka ji abin da na yi da wannan jiran, ya hasken ɗakina. In an tashi tara a makaranta, sai in rufe ofis, in ɗaure idona da ɗankwali, in zauna gaban kwamfuta ina gwada burauza ɗaya bayan ɗaya kamar yadda za ka same su. Wata tana da sauri, amma talla na faɗo mata ta ko'ina, muryoyi su hau kan juna har mutum ya rasa inda yake. Wata tana karatu, amma sai ta karanta kowane tarkace da ke shafin kafin ta iso ga labarin. Wata ta iya toshe talla, sai dai maɓallin karatunta ɗan mitsitsi ne a kusurwa, sai mai ido. Rannan akawunmu ya turo ƙofa ya same ni a ɗaure ina lalube, ya ruga ya kira shugaban makaranta wai ciwon kai ya kayar da ni. Daga ƙarshe na tsaya a kan wadda ke share komai ta bar rubutu zalla, ta karanta da dannawa ɗaya. Shafa hannunka a kan madannai, za ka ji abin da ka sani. Maɓallan riga ne daga gwangwaninka na manna da gam. Babban shi ne fara karatu, ƙaramin shi ne tsayawa, mai ƙafa a bayansa kuma yana kai ka tashar da ake sharhin ƙwallo da baki tun daga busa ta fari har ta ƙarshe.

Manhajojin kallo ma na bi su ɗaya-ɗaya. Akwai masu muryar da ke faɗa wa marar gani abin da ke faruwa a allo, amma a fina-finai kaɗan, kuma ba da harshenmu ba. Ko da na ji ta, ba ta gamsar da ni ba. Sai ta ce mace ta shigo ɗaki, shi ke nan. Ba za ta ce kafaɗar rigarta ta zame ba, ko kalmasar ta karkace, ko telan ya yi rowar yadi a hannu, alhali na san abin da za ka fara tambaya ke nan. Don haka na ɗauki aikin da kaina. Bayan cin abinci sai in sa yara su juya wa allo baya, ina ba su labarin abin da nake gani. Auta ya ce surutuna ya fi na 'yan fim ɗin yawa. Yayarsa ta ce ina tsallake fuskoki in tsaya a kan tufafi. Ina gyarawa a hankali, yanzu har na iya faɗin abin da fuska ke yi kafin mai ita ya buɗe baki.

Ba zan yi maka ƙarya ba, masoyina, duk wannan ba ido ba ne. Na sani. Babu burauzar da za ta zura maka zare, babu manhajar da za ta nuna maka yadda 'yarka ta yi tsawo har ta kamo ni. Kekenka yana nan a lulluɓe, masu kaya suna zuwa ɗaya-ɗaya suna karɓar yadinsu ba a yanka ba, suna yi min jaje da murya ƙasa-ƙasa kamar an yi rasuwa. Wayar farantin tana nan tana reto a jikin bango, ban samu ƙarfin cire ta ba. Ina jin tsoro, ni ma. Ban san da me za mu riƙe gidan ba, ban san ko kullum zan zama mai haƙuri ba. Wata rana zan gaji, in yi maka tsawa, in koma kicin in yi kuka. Amma wannan tsoron namu ne mu biyu. Da wane dalili za ka kwashe shi kai kaɗai ka gudu da shi gidan Yaya, ka bar ni da ɗaki fayau kamar gonar da aka girbe? Kana tsammani in ka sake ni zan huta? Ina zan kai hannun da ya saba gyara maka wuyan riga? Wa zan yi wa gardama?

Ranar Asabar zan shigo motar safe. Ban zo neman izini ba, sanar da kai nake yi. Kada ka sa matar Yaya ta ce min kana barci, na san ba ka barcin rana.

In har sakin kake so, to ka yi yadda Yaya ya ce, ka faɗa da bakinka. Zan jawo kujera in zauna gabanka, gwiwata tana taɓa taka. Kuma kada ka ɗauka rashin gani zai sauƙaƙa maka, don zan yi maka aikin da na koya, ba zan tsallake komai ba. Kana magana ina faɗa maka: yanzu ta sunkuyar da kai, yanzu leɓenta yana rawa, yanzu hawaye ya sauko ta gefen hanci bai tsaya ba, yanzu tana kallon ka kamar ranar da aka kawo ta gidanka. In ka iya kai maganar ƙarshe a haka, telana, sai ka kai.

Taka ce ni, a haske da duhu, yau da gobe har ranar da za a rufe nawa idon,

Matarka, uwar 'ya'yanka.